Zanzaron Tudun Tukur

Legas, watan Disamba

Zuwa ga Murja, matar ƙanena marigayi Tukur, a Furana.

Assalamu alaikum. Ga gaisuwar da ya kamata a ce da bakina na zo na yi. Ya haƙuri? Ya yaran, Rashida da Zakiyyu? Allah ya jiƙan Tukur, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kunnuwan nan da injin niƙa ya gama da su. Shi ya sa kika ga takarda maimakon waya. Ko an kira ni, sai dai in kara ta a kunne in yi ta "na'am, na'am" kamar wawa. Bilya, direban da ke kawo tumatir daga Ikara, shi ne wayata yanzu. Duk abin da za ki faɗa mini, ki rubuta ki ba shi.

Ba ki san ni sosai ba, ran sunan Rashida kaɗai kika gan ni. Kakana da kakan Tukur uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma yau duk zuriyar babu namijin da ya girme ni, ko da yake girman nawa a cikin ƙurar barkono yake ƙarewa a garin mutane. Sai da aka gama zaman makoki sannan labarin rasuwar ya iso ni. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Yaron da na saɓa a kafaɗa, a ce an kai shi makwancinsa ina nan ina niƙa wa mata tattasai.

To, ga magana. Muktar, yayan mijinki, ya aiko mini cewa shi zai karɓi gonar ya riƙa noma wa marayu, yaran su koma ɗakin matarsa Zubaida, ke kuma in kin fita takaba ki koma gidanku Kudan. Wai mace ba ta riƙe gona. Na rubuta masa na ce ban yarda ba. A ba ki damina ɗaya. In wake ya yi, kin ciyar da 'ya'yanki da guminki, to ki zauna a ɗakinki, kada wanda ya sake tayar da zancen. In bai yi ba, a bi shawararsa. An karanta takardar a gaban liman, Muktar ya amince, ba don ransa ya so ba. Saura ke, kada ki ba ni kunya.

Sai magana ta biyu, mai daɗi. Tunda ban samu jana'iza ba, na yi niyyar gina ɗan masallaci a mararrabar hanyar gonaki, ladan ya riƙa isa ga Tukur. Siminti da kwanon rufi daga gare ni. Yashi kuwa, na tuna tudun nan na gabashin gonarsa, wanda bai taɓa sa masa garma ba. Na ce wa Muktar a ɗebi na nan a buga bulo, don ya zama da ƙasarsa aka gina masa. Wurin da ba ya fitar da ko ƙwayar gero, ga shi zai yi amfani har lahira.

Ki shafa mini kan yaran.

Yayanku, Sa'idu

Furana, watan Janairu

Zuwa ga Yaya Sa'idu.

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa cikin ladabi, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, ya aiki, ya zaman Legas. Mu nan alhamdu lillahi. Yaran sun yi mura amma sun warware. Na karanta takardarka ina kuka, Yaya, don tun da aka yi rasuwar nan kai ne na farko da ya tuna cewa ni ma ina da baki. Allah ya saka maka, ya ba ka ladan tsaya wa maraya. Damina ɗaya ta ishe ni in Allah ya yarda. Tare da marigayi muke shiga gonar nan, ban jahilce ta ba.

Amma don Allah, don Annabi, a bar tudun nan. Masallaci abin farin ciki ne, wa zai ƙi wa mijinsa lada? Yashin kawai nake roƙo a nemo a wani wuri, ga rafi nan bai yi nisa ba.

Bari in gaya maka dalili, ko da za ka yi dariya kamar yadda garin nan ya sha yi wa ɗan'uwanka. Gonar jigawa ce, ka sani, wake ne kaɗai rufin asirinta. In wake ya fara 'ya'ya, akwai ƙwaron nan mai faɗin baya, mai wari in ka murje shi, da ke soka baki a kwanso ya tsotse, sai ka ɓare ka tarar da ƙwaya a yamushe. To a tudun nan akwai wani ƙaramin zanzaro, baƙi mai jan gindi. Ba irin mai ginin laka a bango ba, kuma ba ya taro kamar rina. Kowacce ita kaɗai take tona raminta a yashi. Da rana tsaka za ka gan ta ta harbi mai warin nan ya sandare, ta rungumo shi ta shige rami da shi, ta yi masa ƙwai a jiki, ta fito ta koma neman wani. Marigayi kan tsuguna a wurin har ya manta da abincinsa, yana cewa, "Murja, zo ki ga 'yan ƙwadagona, ba su taɓa tambayata fura ba." Shi ya ce mini 'ya'yansu a cikin yashin suke kwana duk rani, sai damina su fito. In aka kwashe yashin yanzu, da su za a kwasa.

Ka san ina takaba, ƙafata ba ta wuce zaure. Na aiki Zubaida ta gaya wa Yaya Muktar, ta dawo ta ce ya ce shi umarnin babba yake bi, in ina da magana in kai wa wanda ya ba da umarnin. Ga shi na kawo. Layi ɗaya daga hannunka ya isa ya tsayar da su. An ce magina sai sun gama wani aiki a Saulawa za su zo, saboda haka akwai sauran lokaci in ka hanzarta.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Murja

Furana, ƙarshen watan Maris

Yaya Sa'idu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru, don shirun ya yi yawa. Kullum na ji ƙarar babbar mota sai in tura a duba ko Bilya ne, har yara sun fara yi mini dariya. Mu muna nan da rai.

Na fita takaba. Ko gidanmu ban fara zuwa ba, gona na nufa. Yaya, babu tudu. Rami ne a wurin, wanda in mutum ya shiga sai dai a hango kansa, ga sawun tifa ya ratsa ta tsakiyar gonar ya daddanne ƙasa. Na sauka cikin ramin. Na tona gefen da ya rage da hannu, ban ma san abin da nake nema ba.

A hanyar dawowa na bi ta mararraba. Bulo na nan a jere, an fara ɗora gini, ya yi kyau ƙwarai. Yaya Muktar yana tsaye yana ba da umarni, ya gan ni ya ce, "A'a, Murja, an fito? Zo ki sa albarka, ga ɗakin mijinki na Aljanna." Mutane suna kallona. Me zan ce? Na ce Allah ya karɓa. Na dawo gida na rufe ƙofa.

Abin da nake so in sani ɗaya ne. Ka ga takardata ka share, ko ba ta iso ba? In ka gani ka share, gara ka faɗa mini in san matsayina. Na ɗauka da ka ce a ba ni damina, da gonar yadda mai ita ya bar ta kake nufi. Ban san za a ba ni da hannun dama a yanke gefenta da hagu ba.

Murja

Legas, watan Mayu

Murja,

Na amsa sallamarki, ina kuma gaishe ku da yaran. Ƙafata ta kumbura kwanakin baya saboda tsayuwa, yanzu da sauƙi. Takardunki biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Injin motar Bilya ne ya buga a hanya, ta yi wata da watanni a gareji, shi kuma ya bar takardar farko a aljihun mota ya tafi bin wata. Ta biyun a gida ya same ta. Don haka ban share ki ba, kuma ban ji daɗin yadda kika yi saurin zargina ba.

Amma tunda gaskiya kike so, ga ta. Ko da ta zo a kan lokaci, ban ga abin da zan rubuta wa Muktar ba. In ce masa me? A dakatar da ɗakin Allah saboda zanzaro? Haba Murja! Ni kurma ne, ba mahaukaci ba. Tukur tun yana yaro haka yake, zai bar tumaki su shiga gonar mutane yana can yana kallon tururuwa. Allah ya jiƙansa, muna son sa a hakan, amma ba a ɗora rayuwar marayu a kan wasan da yake yi da ƙwari.

Kuma kalmarki ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. Na yanke gefen gonarki da hagu? Gonarki? Gonar marayu ce, ƙasar kakanninmu ce, tun ba a haife ki ba nake cin ƙurarta. Ni da na tsaya miki gaban dangi, har Muktar yana cewa na zaɓi bare na bar jinina, yau ni ne mai yanka? Na nuna wa wani abokin aikina takardar, ya karanta ya girgiza kai, ya rubuta mini a bayan kwali cewa, "Wannan ba ƙwaro ne ya dame ta ba, ba ta so a taɓa mata gado ne." Ban so in yarda da shi ba. Kada ki sa in yarda.

Kin san abin da siminti da kwanon nan suka ci mini? Ba zan faɗa ba, don ba don a gode mini na yi ba. Amma ki sani ko ɗaki ɗaya ban mallaka a Furana ba, na fara da na ƙanena.

Ki bar zancen tudu, aikin gama ya gama. Kowa a ƙasar nan feshi yake yi wa wakensa, ke ma ki yi. In ƙwari sun zo ki nemi magani a kasuwar Ikara ki ari famfo. Ki sa ƙarfinki a gona, ki rage shi a takarda.

Sa'idu

Furana, watan Oktoba

Yaya Sa'idu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce in rage rubutu, na rage, ka ga tun bazara ban dame ka ba. Yau ma dole ce ta sa.

Na yi yadda ka ce. Na shuka a kan lokaci, na yi noma har tafin hannuna ya fashe. Inda tifa ta bi bai tsiro da kyau ba, ramin kuma ya zama kududdufi yana cin gefen gonar duk ruwan da aka yi, amma sauran ya yi kyan da har masu wucewa suna tsayawa. Ya yi fure, ya ɗauki 'ya'ya. Wallahi Yaya har na fara barci.

Sai Yaya Muktar ya girbe waken suyarsa da ke maƙwabtaka da mu. Washegari duk mai warin da ke cikin tasa gonar ya dawo tawa. Ka ɗaga ganye ɗaya ka ga sun yi cincirindo, manya da 'ya'yansu, in ka ratsa kunya ɗaya zanenka sai ya yini yana wari. Na je bakin ramin da rana tsaka na tsuguna. Na ga zanzaron, 'yan tsiraru, a ɗan gefen da tifa ba ta kai ba. Ɗaya ta wuce ta gabana da nata a rungume, tana tashi tana faɗuwa saboda nauyi. Na ce mata sannu, ni da ke duk aikin ya fi ƙarfinmu.

Na sayar da akuyata na sayi magani, na ari famfo na goya da kaina. Da yamma ruwa ya sauko ya wanke. Na sake fesawa. Ƙwarin suka yi kamar sun tafi, kafin mako ya zagayo wasu sun cika wurin. Zanzaron kuwa tun feshin farko ban ƙara ganin ko ɗaya tana tashi ba, sai gawarsu a kan yashi. Jiya na ɓare kwanso ya fi a ƙirga, ƙwayar duk ta yamushe ta yi baƙi. Abin da zan samu ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Harawa ce kawai ta yi.

Ban ce da tudun yana nan da waken ya tsira ba. Yaya Muktar ya ce bana ƙwari ko'ina ne, wataƙila gaskiyarsa. Allah ne masani. Abin da na sani, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin gonar ta yi haka ba, kuma ba a taɓa noma ta babu tudun ba sai bana.

Ba gado nake nema ba, ka gaya wa abokin aikinka. Zubaida ta riga ta sa an share ɗakin da za a sa yaran, a gabana, tana cewa Rashida ta zo ta ga inda za ta ajiye kayanta. Na yi wa babana zancen zuwa gaban alƙali, ya ce muddin yana raye 'yarsa ba za ta kai surukai kotu ba, kuma shi da ƙyar yake ciyar da waɗanda ke gabansa. Saura kai. Ka rubuta musu cewa daminar bana ba a yi mini adalci ba, tunda an taɓa gonar kafin in karɓa, a ƙara mini ɗaya. Na durƙusa maka, Yaya. Kada a raba ni da 'ya'yana.

Ƙanwarka, Murja

Legas, watan Nuwamba

Murja,

Sallama. Takardarki ta iso da wuri wannan karon, tare da ta Muktar. Na kwana biyu ina jujjuya su, abinci ma bai shiga ba. Allah ya mayar miki da alheri a kan wahalar da kika sha, na san kin yi iyakar ƙoƙarinki.

Na ɗauki biro don in rubuta abin da kika roƙa, hannuna ya ƙi. Ki duba mini. In na ce a ƙara miki shekara saboda an ɗebi yashi, to na faɗa da bakina cewa masallacin ne ya cinye abincin marayu. Gobe wa zai shiga ya yi salla a ciki da sakakkiyar zuciya? Za a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda aka gina da haƙƙin 'ya'yan Tukur. Ladan da na nema masa ya koma abin gori. Kuma ni na kafa sharaɗin nan, a gaban liman, Muktar ya bi ba ya so. Yau in ya zo kaina in ce a canza, maganata ta mutu a gidan nan har abada.

Ki yi haƙuri. Yaran ba bare za a ba ba, gidan ubansu ne, kuma Kudan ba Makka ba ce, za ki riƙa zuwa. Murja, masallacin nan kaɗai ne abin da na taɓa ginawa a duniya. Kada ki ce in rushe shi da hannuna.

Zan zo buɗe masallacin bayan an gama kaka, in Allah ya kai mu. Ki faɗa mini abin da yaran suke so in riƙo musu, takalma ko yadi. In kuma akwai abin da kike ganin na yi miki, ki yafe ni, ni tsoho ne.

Yayanku, Sa'idu

Kudan, watan Disamba

Yaya Sa'idu,

Wa alaikumus salam. Ka ga daga inda takardar ta fito, ba sai na yi dogon bayani ba. Lafiyata ƙalau, tunda ana tambaya.

Ranar kasuwar Makarfi aka sa ni a mota. Rashida ba ta yi kuka ba, ta tsaya a zaure riƙe da hannun ƙanenta tana kallona kamar wata babba, wannan ya fi kukan ciwo. Zakiyyu an ce masa asibiti zan je in dawo. Mota ta bi ta mararraba, na ga an yi wa masallacinka fenti fari da kore. Ba abin da zai same shi, ka kwantar da hankalinka. Ban faɗa wa kowa komai ba, kuma ba zan faɗa ba.

Zancen takalma, ka tambayi Zubaida, ita ke ganin ƙafarsu yanzu. Zancen yafiya kuwa, ka ba ni lokaci. Ban iya rubuta abin da babu shi a zuciyata ba.

Abu ɗaya ya sa na ɗauki biro. Zakiyyu ba ya cin gyaɗa. Ko ƙuli-ƙuli ya lasa, leɓensa kumbura yake yi, numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar, sau biyu muna kai shi asibiti a guje ni da babansa. Na gaya wa Zubaida ranar da zan taho, ta ce shagwaɓa ce na koya masa, a gidanta yaro ba ya zaɓen abinci. Na gaya wa Yaya Muktar, ya ce in bar koya musu riƙon 'ya'ya. Gidan nasu kuwa kunun gyaɗa suke karyawa da shi duk sanyin nan.

Ni na faɗa ba a ji ba. Kai in ka faɗa ana yi, na gani da idona. Ka nemi wani mai kunne a kusa da kai ya buga musu waya yau ɗin nan, ya ce in ji ka. Don girman Allah kada ka jira mota.

Murja, uwar Rashida da Zakiyyu